Rawar da Borghild Ta Yi wa Ɗanta

Ranar da Borghild Kvalvik ta shigo wurin shan kofinmu na Talata da jan baki da sabon gyaran gashi, sai da ƙawarmu Oddny ta ajiye kofinta ta tambaye ta ko wani tsoho ne ya ɓata hanya ya faɗo gidanta. A ɗan shagon burodin da ke bakin tashar jirgin fito muke haɗuwa, dukkanmu mun haura saba'in, kowacce ta binne miji ko ta sallame shi. Borghild ce babbarmu, tana dab da tamanin, kuma ita ce mai ƙarar dariya. Ta cire hula a hankali, ta juya kai hagu da dama don mu ga aikin da kyau, sannan ta ce mu gyara zama, tauraruwa ce ta sauka a tsakaninmu.

Ta fito da waya ta ɗora a tebur. Sai ga Borghild a falonta, cikin koriyar rigar motsa jiki, tana dama wani koren gari a kofin gilashi. Ta ɗaga ta shanye, ta goge baki da bayan hannu irin na masunta, ta kalli mai ɗauka ta ce ƙashinta ya fi na 'yan mata ƙwari, sannan ta ɗaga ƙafa ta harbi iska. Muka yi ta dariya har mai shagon ta leƙo ta ga ko lafiya. Oddny ta sa aka yi ta maimaita wurin harbin har wainarta ta huce.

Ni Gunvor, katanga ce kawai tsakanin gidana da nata, don haka na san abin da bidiyon bai nuna ba. A farkon kaka ta karye a wuyan hannu, kuma ba wata faɗuwar kirki ta yi ba, tuntuɓe ta yi a lambu ta dafa ƙasa. Da aka auna ƙashinta a asibiti, likita ta ce cikinsa ya zama kamar soso. Ta rubuta mata ƙwaya guda da za ta riƙa sha mako-mako, da kalsiyam da bitamin D na kullum, ta ce ta ci kifi da cuku, ta yi tafiya da ƙafa, idan hanya ta yi santsi ta fita da keken dogarawa. Borghild ta tsani ƙwayar makon nan. Sai da safe kafin a sa komai a baki, da ruwa zalla, ba kofi, kuma ba komawa gado sai mutum ya daɗe a miƙe. Ta ce ko a ma'aikatar busar da kifi, inda ta ƙarar da ƙuruciyarta, ba a taɓa hana ta kofin safe ba. Amma tana sha. Tana zagin likitar, tana sha.

Sai ɗanta Steinar ya dawo gida. Aikinsa a jiragen mai ya ƙare, ya iso da matarsa Vibeke da mota shaƙe da kwalaye. Ya zama dillalin wani kamfani mai haɗa garin ciyawar teku da ɓawon kawa, sunan garin Ƙarfin Teku, an ce yana mayar da ƙashin tsoho sabo. Bai daɗe da sauka ba ya buɗe kabad ɗin banɗaki, ya ɗauko magungunan uwarsa, ya zauna a kicin yana karanta mata illolinsu da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, yana girgiza kai. Da ya gama ya zuba su a leda ya kai mota.

"Ba hana ki nake yi ba, Mama," in ji shi. "Zaɓi nake ba ki. Su ba su taɓa ba ki zaɓi ba."

Borghild da kanta ta ba ni labarin ta saman katanga, tana murna an 'yanta ta daga tsayuwar soja da sassafe. Da na tambaye ta ko likitar ta sani, sai ta ce labulen kicin ɗinta ma ya girmi likitar.

Abin ya kama kamar wuta. Bidiyon harbin iska ya zagaye garin, ya haye zuwa wasu garuruwa. A jirgin fito mutane suka fara matsa mata wuri suna murmushi. 'Yan matan kantin kayan abinci suka riƙa barin injin kuɗi suna ɗaukar hoto da ita. Wani tsohon direban jirgin ruwa daga garin Bodø ya aiko yana neman aurenta, har da hoton kwale-kwalensa, Borghild ta ce kwale-kwalen dai ta amince da shi, mai shi kuma sai ta yi shawara. Falon da ya yi shekaru shiru ya cika da fitilu masu dogayen ƙafafu. Vibeke na yi mata kwalliya kullum, Steinar na dafa mata bakalawo, farfesun busasshen kifi, ran Asabar yana kiranta Shugaba. Ta ɗauki kwandon itace a bidiyo, ta hau kujera ta sauya labule, ta yi tsalle a kan tabarmar roba. Idan na tsaya a kicin ɗina ina jin dariyarsu su uku ta cikin bango, ni ma sai in tsinci kaina ina murmushi.

Ta kawo mana gwangwani guda ran Talata mu ɗanɗana. Oddny ta kurɓa, ta rufe ido, ta ce yanzu ta san abin da mutum zai ji idan ya lashi gindin jirgin ruwa. Borghild ta ce ai shi ya sa yake aiki, ƙashi ne ke tsorata ya miƙe.

Kamfanin bai tsaya a gari ba. Ya fito da ƙwayar gwiwa, ya fito da wani ɗigo da suke kira Ɗigon Rana saboda duhun hunturu, ya fito da alewar taunawa, ya fito da wani farin gari na zubawa a kofi. Kowanne sai an nuna shi, kuma Steinar yana da ƙa'ida da yake alfahari da ita: ba zai tallata abin da uwarsa ba ta sha da gaske ba. Don haka ta sha duka. Da safe Vibeke kan jera mata su a faranti gwanin sha'awa, kore da fari da ruwan ɗorawa, a ɗauki hoto, sannan ta haɗiye. Kafin ta gama cikinta ya cika. Matar da ke cin wainarta ta miƙa hannu ta ɗauki rabin tawa, ta koma barin tata a faranti da cukun a kai. Ƙishirwa ta dame ta, ta riƙa tashi zuwa banɗaki a tsakiyar hira, amma babban uzurin kuma ya ƙi zuwa sam. Ta mayar da abin wasa, ta ce cikinta ya shiga yajin aiki, har yanzu ana tattaunawa. Vibeke ta ce alama ce mai kyau, jiki ne ke wanke dafin likitoci.

Ana gab da Kirsimeti ta sunkuya ɗaukar kwandon wanki, wani abu ya ce ƙas a bayanta. Ta ce min kamar an karya busasshen biskit a cikin aljihu. Ta yini a kwance. Steinar ya bayyana mata cewa jijiyoyin da suka daɗe suna barci ne ke farkawa, ya ƙara mata cokali guda a kan na kullum. Bayan sabuwar shekara aka sake jin wani ƙas ɗin, wannan karon atishawa kawai ta yi. Siket ɗinta na zuwa coci ya fara jan ƙasa. Ta ce Vibeke ce ta wanke shi ya yi tsawo, a duniyar nan tufafin kowa na tsukewa a wanki, nata ne kawai ke girma. Kofunan da ke kan katakon sama suka sauko na ƙasa, inda hannunta ke iya kaiwa.

Wata safiya ina share ƙanƙara a ƙofar gida na hangi Steinar yana sauka da keken dogarawarta zuwa ɗakin ƙasa. Na tambaye shi ko ya lalace ne.

"Haba Gunvor," ya ce, yana dariya. "Wani ya ɗauke ta hoto tana tura wannan abin a bakin kanti, ai an gama da mu. Kuma ma lalata mutum yake yi. Jiki idan ya samu abin jingina, sai ya daina ƙoƙari."

Ƙusoshin da take ɗaurawa a ƙasan takalmi saboda santsi su ma suka bi keken. Borghild ba wawiya ba ce, ta san titinmu mai gangara ne, ta san yadda yake idan ruwan sama ya daskare a kansa. Sai kawai ta daina fita. Talata ta zo babu ita, wata ta sake zuwa babu ita. Ranar da aka ba ta ta komawa wurin likita ta ci karo da ranar ɗaukar bidiyo, Steinar ya buga ya ɗage. Da sabuwar ranar ta zo, ya sake ɗagewa, ya ce ba ya son a tayar mata da hankali ana gab da babban taro.

Oddny ta riga ta sayi jerin kayan gaba ɗaya saboda kunya, suna ajiye a gidanta ba ta taɓa su ba. Na kwashe su na kai kantin magani na zube a gaban matar da ke harhaɗa magunguna, na ce ta gaya min gaskiya. Ta juya kowane gwangwani ta karanta bayansa. Ta ce kowanne shi kaɗai ba wani abin tsoro ba ne, matsalar ita ce duk cikinsu akwai bitamin D da kalsiyam, idan mutum ya haɗa su kullum ya wuce iyaka nesa, kuma ƙishirwa da rashin cin abinci da na ambata ba su yi mata daɗin ji ba. Ta ce irin waɗannan abubuwa taimako ne, likita ke zaɓar wanda ya dace bayan an auna jini, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ke yin aikin ƙwayar makon da aka daina. Ta ce ƙawar tawa ta ga likita a cikin makon, kada a jira.

Na wuce gidan kai tsaye. Borghild na kishingiɗe a doguwar kujera da robar ruwan zafi a bayanta, fuskarta ta sha kwalliya, daga wuya zuwa ƙasa kuma rigar barci. Steinar na gyara fitila. Na faɗi abin da aka faɗa min, ban rage komai ba. Ya saurara cikin ladabi har na gama, sannan ya ce me nake tsammanin kantin magani zai ce game da wanda ke ƙwace masa ciniki. Ya ce ni da nake haɗiyar ƙwayoyin likita tun kafin a ƙera motarsa, ina tsallena yake. Ya ce dubban mutane na rubuto musu godiya. Vibeke ta leƙo daga kicin ta ce abin baƙin ciki ne yadda wasu ba sa son ganin tsohuwa tana haskakawa.

"Mama babba ce, da hankalinta," in ji Steinar. Ya juya gare ta. "Mama, na taɓa tilasta miki wani abu?"

"Ko kaɗan," in ji Borghild.

Da suka fita ɗauko kaya a mota, ta kama hannuna. Yatsunta sun yi sanyi.

"Gunvor, tun da aka binne babansa bai taɓa yin mako a gidan nan ba. Yanzu da safe ina jin takunsa a bene, ina jin yana neman safarsa yana tsaki. Ki bar ni." Sai idonta ya kawo wasa. "Ke kuma, wa ya taɓa neman aurenki daga Bodø?"

Na buga wa asibitin unguwa. Suka ce ba za su iya tattauna lafiyar wata da ni ba, amma za su neme ta. Sun neme ta kuwa. Wayarta tana hannun Steinar, shi ke amsa saƙonnin masoya, ya gaya musu tana nan lafiya lau, ta ma fita yawo.

Babban taron aka yi a watan Fabrairu, a zauren wani otal da ke bakin ruwa. Dillalan kamfanin suka zo daga duk garuruwan gaɓar teku, kowa da koriyar riga, ga balan-balan kore har rufi, ga kiɗa kamar zai fasa tagogi. An ba mu 'yan Talata kujeru a gaba kyauta. Oddny ta sha koren lemon da ake rabawa ta ce an samu ci gaba, wannan gindin sabon jirgi ne. Mutane na hawa dandamali suna ba da shaida, wani ya ce ya jefar da sandarsa, wata ta ce mijinta ya koma kamar ango, aka yi ta shewa da tafi. Na leƙa bayan labule don in gaishe da Borghild, na tarar Vibeke na ɗaure mata wata faffaɗar ɗamara a ƙarƙashin riga, ga kwalin maganin ciwo a buɗe a kan tebur. Maganin kantin magani ne, irin wanda suke kira dafi. Borghild ta kashe min ido ta ce yau zan ga abin da ya sa samarin ma'aikata suke layi.

Mai kiɗan akodiyon ya ja tsohuwar waƙar rawa, irin wadda muke takawa a zauren ƙungiyar ma'aikata muna 'yan mata. Steinar ya fito cikin kwat, ya rusuna, ya miƙa wa uwarsa hannu. Ba zan ɓoye ba, ta yi rawa. Ta ɗaga haɓa, ta zagaye dandamalin a hannun ɗanta, ƙafarta na sanin inda za ta sauka kafin kiɗan ya isa. Fuskarta na walƙiya, kuma ba kwalliyar Vibeke ba ce. Oddny na kuka tana dariya tana dukan cinyata. Zauren ya miƙe tsaye.

Sai mai gabatarwa ya ɗauki makirufo ya ce a ɗaga ta sama. Jama'a suka karɓa, a ɗaga ta, a ɗaga ta. Steinar ya kalli taron, ya kalli Vibeke da ke riƙe da waya, ya kama ƙugun uwarsa ya ɗaga ta ya juya da ita, ya dire ta da ƙarfi a kan ƙafa ɗaya.

Ta zauna a ƙasa a hankali, kamar mai shirin shan iska a kan ciyawa, murmushin na nan a fuskarta, har ta ɗaga wa mutane hannu. Suka ɗauka cikin wasan ne, tafin ya ƙaru. Steinar na rusunawa hagu da dama. Ni da ke gaba na ga ƙafarta ta dama ta kwanta ta juya waje, yadda ƙafar mai rai ba ta kwanciya. Ya sunkuya zai ɗago ta don su rusuna tare. Ƙaramin makirufon da aka maƙala mata a wuyan riga yana kunne, don haka duk zauren ya ji, cikin murya ƙasa-ƙasa:

"Steinar, ɗana, kada ka taɓa ni."

Mai akodiyon ne ya fara tsayawa.

A asibiti aka ce ƙashin ƙugu ne ya karye. Hoton ƙashin da aka ɗauka ya kuma nuna ƙasusuwan baya da dama sun riga sun durƙushe tun tuni, sun warke a karkace. Kalsiyam ya yi yawa a jininta, ƙodarta ta wahala. Likitan da ya duba ta ya tambaya a gabana wa ya tsayar da maganin da aka rubuta mata. Borghild ta ce ita ce, kofinta na safe take so. Steinar na tsaye a gefen gado yana kallon takalminsa, bai gyara mata zancen ba.

A baranda kuwa bakinsa ya buɗe. Ya ce katakon dandamalin ne mai santsi, zai yi magana da otal ɗin. Ya ce mai gabatarwar ne ya tunzura jama'a. Ya ce abin a jini yake, kakarsa ma ta ranƙwafe. Ya ce in da ba ta shan Ƙarfin Teku, Allah kaɗai ya san yadda karayar za ta yi muni. Vibeke ta sanar da masoya cewa Borghild ta tafi hutun shan rana a Sifen, suka ci gaba da sa tsofaffin bidiyoyi, tana harbin iska kowace safiya alhali ma'aikatan jinya biyu ne ke juya ta a gado.

Bayan an yi mata tiyata aka mayar da ita gidan jinya don ta koyi tafiya. Ɗakin na mutum biyu ne. A ɗaya gadon akwai wata 'yar siririyar tsohuwa daga tsibirin Smøla, sunanta Aslaug, ita ma karayar ƙugu. Ran da na je da waina, Borghild ta yi wata 'yar dariya kan abincin gidan, sai Aslaug ta ɗago kai da sauri ta ƙura mata ido. Ba kwalliya, gashin ya kwanta, amma dariyar ba ta ɓuya. Matar ta rikice don murna. Ta ce wa zai yarda a Smøla, ita da Borghild ɗaki ɗaya. Ta ce ba ta taɓa kuskure bidiyo ko ɗaya ba, ta san wanda aka hau kujera, ta san na kwandon itace. Ta ce ita ma likita ya ɗora mata wannan ƙwayar ta tsayuwa da safe, amma tun da ta ga Borghild ta zubar da ita a shara ta yi odar koren garin, har maƙwabtanta biyu ta jawo.

"To amma," in ji Aslaug, tana kallon gadon da ƙarfen da ke gefensa, "ba a Sifen kike ba?"

Borghild ta daɗe tana kallon ƙafar Aslaug a ƙarƙashin bargo. Sannan ta ce in fito da wayata in riƙe ta daidai, kada hannuna ya yi rawa.

Ta ƙi a taje mata kai. Ta faɗi sunanta, ta ce nan gidan jinya ne, ba Sifen ba. Ta sa na nuna keken dogarawar da aka ba ta, ta ce wannan ne abokin rawarta yanzu, ba ya taka mata ƙafa. Ta ce watanni ta yi ba ta shan maganin likita, ƙashinta na karyewa tana murmushi. Ta ce duk wanda ya ajiye maganinsa saboda ita, ya koma wurin likitansa gobe, ya tafi da duk gwangwanayen da ya saya a duba masa, kada ya sake haɗiyar wani abu don ya ga tsohuwa na harbin iska. Ba ta ambaci sunan ɗanta ba ko sau ɗaya. Oddny ta sa bidiyon a dandalin intanet na mutanen gari, kafin ƙarshen mako ya wuce duk inda na farko ya kai.

Steinar ya zo sau ɗaya bayan haka. Bai cire kwat ba, bai zauna ba. Ya ce bayan duk abin da ya yi mata, ta tashi ta cire masa abinci daga baki a gaban duniya. Ya ce da ta yi masa magana tukuna. Borghild ta ce ya zauna mana ya ci waina. Ya ce yana sauri. A cikin watan suka tattara suka koma garin Molde, gidan mahaifin Vibeke.

Babu wanda aka kama, babu wanda aka tuhuma. Bai doke ta ba, bai kulle ta a ɗaki ba, bai hana ta abinci ba. Idan ma'aikatan ƙaramar hukuma suka zo duba tsoho, tabo suke nema a jiki da firji maras komai, ita kuwa firjinta cike yake, ɗanta na kiranta Shugaba. A gaban garin nan gaba ɗaya aka yi abin, da fitilu a kunne, muna tafi. Abin da aka ɗauke mata ba ya cikin abin da ake kai ƙara a kansa: tsawonta, da benen gidanta da ba za ta sake hawa ba, da gangaren titinmu. Kuma har yau idan ka tambaye ta, za ta ce ita ta zaɓa.

Bazara ta shigo, Borghild ta fara kaiwa ƙarshen baranda da kekenta. Wata ranar ina shanya sai ga Vibeke ta tsaya da mota, ta zo kwasar fitilun da suka bari. Tana cikin fara'a kamar ba abin da ya faru. Ta ce sun samu sabon kamfani, na ƙarfin zuciya da kaifin tunani. Ta ce babanta Magnar ashe gwani ne a gaban kyamara, mutane har sun fara son sa. Likitoci dai sun cika shi da ƙwayoyin zuciya da na tsinka jini, amma Steinar na nan yana duba lamarin.

Na bar wankin a kwando na tafi gidan jinya. Borghild ta saurara har ƙarshe. Ta tambaye ni yaushe motar Molde ke tashi. Ma'aikaciyar jinya ta ce tafiyar ta yi mata nisa, Borghild ta ce za ta je shan kofi ne wurin surukinta, ko an hana? Washegari muka hau, ni da ita da Oddny da keken, direban ya sauko da kansa ya ɗora shi. Duk ramin da motar ta faɗa sai ta cije leɓe, tana sakin leɓen kuma ta ci gaba da tsokanar Oddny.

Magnar ne ya buɗe ƙofar. An rina masa gashi baƙi wuluk, an sa masa jar rigar motsa jiki, yana riƙe da kofin gilashi da cokali a ciki. A bayansa falo ya haskake da fitilu, Steinar na tsaye da waya a hannu, ya daskare. Magnar ya sauke ido yana neman fuskar baƙuwar, don a da kafaɗarsu ɗaya. Borghild ta tura keken har ya taɓa dokin ƙofa, ta ɗago kai iyakar yadda bayan ya bar ta.

"Magnar, ajiye kofin nan tukuna," ta ce. "Matsa ka kalle ni da kyau. Ni ce ta farko."